Makoki Daga Nesa: Steve Jobs Da Darajar Aikin Da Ba A Gani

Ranar Laraba, 5 ga Oktoba, 2011, da misalin ƙarfe uku na rana agogon jihar Kalifoniya ta Amurka, rai ya yi halinsa a wani gida da ke garin Palo Alto. Mamacin, Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, yana da shekara 56 a duniya. Kafin sanarwa ta fito dare ya riga ya raba a Najeriya, don haka yawancinmu da labarin muka wayi gari ranar Alhamis.

Abin da ya biyo baya ba a saba ganin irinsa a mutuwar ɗan kasuwa ba. Daga San Francisco zuwa Landan, daga Tokiyo zuwa Beijin, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa ƙofar kantunan Apple suna ajiye furanni da 'yan takardun ta'aziyya, wasu har da tuffar da aka gatsa, kwaikwayon tambarin kamfanin. Wasu suka riƙa ɗaga iPad mai nuna hoton kyandir yana ci. Kamfanin ya buɗe adireshin imel na karɓar gaisuwa, saƙonni fiye da miliyan ɗaya suka shigo. Shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya lura a saƙonsa cewa ɗimbin mutanen duniya sun sami labarin ne ta na'urar da mamacin ya ƙirƙira.

Mu kam ba ta nan muka ji ba. A 2011 BlackBerry ce sarauniyar ofisoshin Abuja, Nokia ce wayar kowa da kowa, iPhone kuwa sai a hannun ɗaiɗaiku. Babu kantin da Apple ya mallaka a Najeriya balle a kai masa fure. Duk da haka an yi jimami a nan ma, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo hotunansa kan sake cika kafofin sada zumunta. Makokin gida yana da tsarinsa: a shimfiɗa tabarma, a karɓi gaisuwa, a yi wa juna haƙuri, a watse. Makokin nesa ba shi da tabarma, ba shi da wanda za a yi wa gaisuwa. To, ina mai irin wannan jimami zai kai shi?

Wane ne mamacin?

An haife shi ranar 24 ga Fabrairu, 1955, a San Francisco. Mahaifinsa, Abdulfattah Jandali, ɗalibi ne ɗan asalin birnin Homs na ƙasar Siriya, mahaifiyarsa kuma, Joanne Schieble, Ba'amurkiya ce. Tun yana jariri aka bayar da shi riƙo ga Paul da Clara Jobs, ma'aurata masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ya ɗauka a matsayin iyayensa har ƙarshen rayuwarsa. A 1972 ya shiga kwalejin Reed da ke jihar Oregon. Bayan wata shida ya janye, domin kuɗin makarantar yana cinye ɗan abin da iyayen suka tara, amma ya ci gaba da leƙa azuzuwan da suka ba shi sha'awa, ciki har da na zayyana haruffa.

Ranar 1 ga Afrilu, 1976, shi da abokinsa Steve Wozniak da wani mai suna Ronald Wayne suka kafa Apple, suna harhaɗa kwamfuta a gidan iyayensa. Ba a cika mako biyu ba Wayne ya sayar da kasonsa na kashi 10 cikin ɗari a kan dala 800. A Janairun 1984 suka fitar da Macintosh, kwamfutar da ta kai linzami da 'yan hotunan da ake latsawa hannun mutanen da ba su san komai game da rubuta umarni ba. Shekara guda bayan haka rikici ya ɓarke tsakaninsa da John Sculley, mutumin da shi da kansa ya ɗauko daga kamfanin Pepsi. Daraktoci suka goyi bayan Sculley, aka karɓe ikon da ke hannun Jobs, ya fice daga kamfanin da ya kafa yana da shekara 30.

Ya kafa NeXT, wanda kwamfutocinsa ba su yi kasuwa ba, amma a kan ɗaya daga cikinsu ne Tim Berners-Lee ya gina shafin intanet na farko a cibiyar bincike ta CERN da ke Switzalan. Ya kuma sayi Pixar a 1986, kamfanin da ya fitar da Toy Story a 1995, cikakken fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta. A ƙarshen 1996 Apple, da ke gab da durƙushewa, ya sayi NeXT, a 1997 kuma ragama ta koma hannun wanda aka tura waje. Daga nan sai iMac a 1998, iPod a 2001, iPhone a 2007, iPad a 2010. A watan Agustan 2011, wata biyu kafin mutuwarsa, darajar Apple a kasuwar hannun jari ta shige ta kamfanin mai na ExxonMobil.

Ba shi ya fara ƙera wayar da ake shafa fuskarta ba, amma shi ya tsayar mata da siffar da kowa ya bi. Wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da suka cika shagunan Banex a Wuse da kasuwar Farm Centre a Kano, duk a kan wannan siffa aka zuba su. Ma'aikacin da ke duba sanarwar shigar albashi a cikin motar haya, da hadimin da ke karɓar umarnin maigidansa ta WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kowannensu yana riƙe da wani yanki na tunanin mutumin nan, ko da bai taɓa sayen kayan Apple ba.

"Ɗan'uwanka ne?"

Ina jami'a lokacin, ina karatun Turanci, wayata Nokia ce mai tocila. Ban taɓa riƙe iPhone ba, abin da na sani game da mutumin daga jaridu ne da ɗan bidiyon da ake kallo a shagon intanet. Amma na wuni ranar jikina a sanyaye, har wani abokin karatu ya tambaye ni cikin zolaya: "Kai kuwa, ɗan'uwanka ne, ko bashi kake bin sa?"

Zolaya ce, amma akwai magana a cikinta. Kwana arba'in cif kafin mutuwar Jobs, ranar Juma'a 26 ga Agusta, 2011, wata mota ɗauke da bam ta kutsa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a nan Abuja, mutum fiye da 20 suka rasa rayukansu. Mutane ne da suka fito aiki da safe kamar kowa, suka bar iyali da alƙawarin sai an taso. A yau mutum nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan ɗaya daga cikinsu? Wanda ya ce muna kukan na nesa muna mance na kusa bai yi ƙarya ba.

Sai dai zuciya ba ta auna jimami da nisan gari. Mai gabatar da shiri a rediyo wanda muryarsa ta shekara ashirin tana shiga ɗakinka, ko marubucin littafin da ka karanta a firamare, idan suka mutu za ka ji a jikinka ko ba ku taɓa gaisawa ba. Aikinsu ne ya zauna da kai, shi ya sa rashinsu ya taɓa ka. Wannan ba abin kunya ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da mutum zai yi da jimamin. Wanda ya je gaisuwar mutuwa a unguwa yakan dawo gida jikinsa ya yi laushi, ya tuna bashin da ake bin sa, ya tuna ɗan'uwan da suka daɗe ba sa magana. Ribar zuwa makoki ke nan ga mai rai. Idan makokin nesa bai dawo da mutum ga irin wannan lissafi ba, ya zama kallo kawai.

Bayan shinge

A littafin tarihin rayuwarsa da Walter Isaacson ya rubuta, wanda ya fito makonni kaɗan bayan mutuwarsa, akwai labarin da ya fi duk labaran biliyoyin daloli zama mini a rai. Paul Jobs, uban riƙonsa, makaniki ne mai son aikin hannu. Shi ya kewaye gidansu da shingen katako, kuma ya koya wa yaron cewa ɓangaren da ke fuskantar baya, wanda babu mai gani, dole a gyara shi kamar na gaba. Bayan shekara hamsin Jobs ya kai marubucin har wurin, ya nuna masa shingen yana nan tsaye.

Wannan tarbiyya ta bi shi har cikin masana'anta. Yakan matsa wa injiniyoyi a kan tsarin kayan cikin kwamfuta, wurin da mai saye ba zai taɓa buɗewa ba. Da aka kammala zanen Macintosh ta farko, sai ya sa ma'aikatan da suka yi aikin kowa ya rattaba hannu, aka zuba sa-hannun nasu a cikin murfin kwamfutar, ta ciki. Mutane sun shekara suna amfani da ita ba su san akwai sunaye a cikinta ba.

Mako guda bayan mutuwar Jobs, ranar 12 ga Oktoba, aka tarar da gawar wani dattijo mai shekara 70 a gidansa da ke jihar New Jersey. Sunansa Dennis Ritchie. Shi ya ƙirƙiri harshen rubuta manhaja da ake kira C a cibiyar bincike ta Bell, kuma shi da Ken Thompson suka gina babbar manhajar Unix. Manhajar da ke tafiyar da iPhone daga zuriyar Unix ta fito, ƙashin bayan Android kuma da harshen C aka rubuta shi. Ba a kai masa fure a ƙofar kanti ba, jaridu da dama a shafin ciki suka sa labarinsa. Shi ne bayan shingen wayar da ke hannunka.

Mai karatu, idan kana aiki a Sakatariyar Tarayya ko a ofishin wani babba, ka san wannan matsayi fiye da kowa. Jawabin da minista ya karanta aka tafa masa, wani ne ya kwana yana rubutawa. Alƙaluman da babban sakatare ya kare kasafi da su a gaban majalisa, wata ce ta yi mako tana daidaita su. Fayil ɗin fanshon da ya kai ga biya, wani magatakarda ne ya adana shi inda za a same shi bayan shekara goma. Mu ma masu tace labarai a jarida haka muke: sunan wakili ne a saman labari, namu ba ya fitowa sai ranar da aka ga kuskure. A irin wannan aiki babu tafi, kuma sau da yawa babu mai dubawa, don haka sauƙin yin ha'inci a cikinsa ya fi na kowane aiki. Lambar da aka rubuta ba daidai ba a takardar wani mai ritaya na iya sa shi wata shida yana zirga-zirga tsakanin garinsu da Abuja. Shi bai san sunan wanda ya rubuta ba, wanda ya rubuta ma bai san fuskarsa ba, amma hannun ɗaya ya shiga rayuwar ɗayan.

Tara yake, bai cika goma ba

Jimami na gaskiya ba ya buƙatar a mayar da mamaci waliyyi. Jobs mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayar da labarin yadda yakan tozarta ma'aikaci a gaban jama'a, ya kushe shawara yau, gobe ya dawo da ita a matsayin tasa. An haifa masa 'ya mai suna Lisa a 1978, ya musanta cewa tasa ce, sai da magana ta kai kotu aka yi gwajin jini. Daga baya ya karɓe ta, ya kuma nuna nadamar abin da ya aikata. A 2010 ma'aikata fiye da goma suka halaka kansu a masana'antun Foxconn da ke ƙasar Sin, kamfanin da ke harhaɗa iPhone, abin da ya jawo hankalin duniya kan tsawon sa'o'in aiki da matsin da ke bayan kyakkyawar wayar. Su ma bayan shinge ne, kuma wannan ɓangaren bai sami irin kulawar da cikin kwamfuta ya samu ba.

Ya kamata a faɗi wannan a fili, domin akwai shugabannin ofis da suka ɗauki rabin labarin suka bar rabi. Sun kwaikwayi tsawar, ba su kwaikwayi ƙwarewar ba. Maigidan da ke jefa wa hadiminsa takarda a fuska yana ganin haka manya suke yi, alhali abin da ya ɗaukaka Jobs shi ne sanin aiki da dagewa a kan inganci. Zafin ran kuwa tabo ne da ya bari a zukatan mutanen da suka yi masa hidima.

Kwanakin da ba a dawo da su

A Oktoban 2003 likitoci suka gano ƙari na cutar daji a wata gaɓa da ke bayan tumbinsa, wadda ke samar da sinadarin daidaita sukari a jini. Irin wanda ake iya yi wa tiyata ne, suka ce a yi nan take. Ya ƙi. Ya shafe wata tara yana gwada tsarin abinci da wasu hanyoyin magani, sai a Yulin 2004 ya yarda aka yi aikin. A 2009 aka yi masa dashen hanta a birnin Memphis. Ya shaida wa marubucin tarihinsa cewa ya yi nadamar jinkirin. Mutum ne da kuɗi da manyan likitoci ke gabansa, abin da ya tsaya tsakaninsa da asibiti ra'ayinsa ne kawai. Ma'aikaci nawa ne a cikinmu ke yawo da takardar gwajin da likita ya rubuta masa tun bara, yana cewa sai an gama aikin kasafi, sai maigida ya dawo daga tafiya? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ranar 12 ga Yuni, 2005, ya yi jawabi ga ɗaliban da ke kammala karatu a jami'ar Stanford. Ya gaya musu cewa tun yana matashi yakan tambayi kansa da safe, in da yau ce ranarsa ta ƙarshe, shin abin da zai fita yi shi ne abin da zai so ya yi? Idan amsar ta yi kwanaki tana zuwa a'a, ya san akwai abin gyarawa. Ba kowa ke da halin ajiye aiki don amsa ta zo a'a ba. Mai iyali da kuɗin haya a Kubwa ko Lugbe ba zai yi wannan ganganci ba. Amma tambayar tana da amfani ko ga wanda ba zai motsa daga kujerarsa ba, domin tana rarrabe abin da ke da muhimmanci da abin da ke da hayaniya kawai.

Shi kansa bai tsira daga wannan lissafi ba. Mutum ne mai tsananin ɓoye sirrinsa, don haka Isaacson ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yarda a rubuta tarihinsa. Amsar da ya bayar ita ce yana so 'ya'yansa su san shi, domin ba kullum ya kasance tare da su ba. Wanda ke barin Nyanya ko Mararaba tun asuba don gudun cunkoso, ya dawo bayan isha ya tarar yara sun yi barci, ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana. Bambancin shi ne, shi babu wanda zai rubuta masa littafi. In bai zauna da su yanzu ba, babu shafin da za su buɗe su same shi.

Miƙa ragama

Akwai wani darasi a watanninsa na ƙarshe da ba a cika ambata ba. Ranar 7 ga Yuni, 2011, ya bayyana a gaban majalisar ƙaramin birnin Cupertino, a rame, yana bayanin sabuwar hedikwatar da Apple ke neman izinin ginawa. Wannan ce fitarsa ta ƙarshe a bainar jama'a. Shugaban kamfani mafi girma a garin ya zo da kansa ya tsaya a gaban kansiloli, a kan ginin da ba zai shiga ba. An buɗe shi a 2017, shekara shida bayan an binne shi.

Haka kuma bai bar kujerarsa cikin ruɗani ba. Sau uku Tim Cook yana riƙe masa kamfanin lokacin jinya, a 2004 da 2009 da farkon 2011. Ya kuma kafa wata makaranta a cikin kamfanin don koya wa manajoji yadda aka yanke manyan shawarwari a baya da dalilan yanke su. Ranar 24 ga Agusta, 2011, ya rubuta gajeriyar takardar murabus, ya ba da shawarar a naɗa Cook kamar yadda aka tsara. Kwana ɗaya kafin mutuwarsa Cook ya jagoranci taron gabatar da sabuwar waya, aiki bai tsaya ba. A Agustan 2018 darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan ɗaya.

Dokar aikin gwamnati a Najeriya ta yanke wa mafi yawan ma'aikata shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Jobs bai kai ko shekarun ritayar ba, saura huɗu. Mu da aka rubuta mana ranar tafiya tun ranar da aka ɗauke mu, sau nawa muke ganin jami'i ya tafi da ilimin ofis gaba ɗaya a kansa, ya bar takardar miƙa aiki mai shafi guda, na bayansa ya fara daga tushe? Wasu ma da gangan suke ɓoye sanin, don a ce ofis ba ya tafiya sai da su. Wanda ya ƙware da gaske, ofis ɗinsa yakan ci gaba da tafiya a bayansa, domin ya koyar, ya kuma rubuta.

An binne Steve Jobs ranar 7 ga Oktoba a maƙabartar Alta Mesa da ke Palo Alto, a gaban iyalinsa da 'yan makusanta kaɗan. Kabarinsa ba shi da suna, ba shi da alama. Furannin da aka zuba a ƙofar kantuna an share su cikin 'yan kwanaki, wayoyin da ya gabatar da hannunsa sun tsufa an daina yayinsu. Abin da mai jimami daga nesa zai iya ɗauka ya kai gida ƙarami ne, amma yana hannunsa: fayil ɗin da ke kan tebur wanda babu mai duba yadda aka cika shi, ƙaramin ma'aikacin da ke jiran a koya masa, takardar asibitin da ke cikin aljihun tebur, da yaran da ke jiran a dawo kafin barci ya ɗauke su. Mutuwa rigar kowa ce, gobe kuma ranar aiki ce.